Kwanonmu Yana Gidanki

Madarumfa, ƙarshen damina.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Ɗelu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Hamza da yara baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya nuna tun daga nan har Safo, tabki kuma ya cika ya kawo bakin garkata ta zogale. Uwargidana Tani tana nan da ƙarfinta da bakinta. Ɗana Al'amin ya karɓi kamiyo, babbar motar kayanmu, shi ke kai kifi Ɗan Issa yanzu, ni kuwa ina shago ina ba da umarni, kamar yadda ya dace da wanda ya gama shan rana.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne saboda a salula ba kya barin mutum ya kai aya. Ran da muka yi magana kin wanke ni tas. Kin ce na bar ɗiyata Nafisa ta ƙi aikin biro, na ofis, a Yamai, ta zauna gida tana wasa da salula, kuma wai arziki ya sa na yi laushi. A cikin wannan kiran ne kuma kika ba ni labarin miyar yakuwa da bandar tarwaɗa da ɗiyarki Sadiya ta yi miki, wadda kika ce tun rasuwar Inna ba ki ji ƙamshin Madarumfa irin na ranar ba. Ki riƙe wannan maganar a gefe, zan dawo kanta.

Ga abin da Nafisa ke yi. Ita da ƙawarta Febi, ɗiyar Malam Yohanna na Maraɗi, waɗanda suka yi jami'a tare, sun kafa ɗan kamfaninsu. Sun gina wani shafi a intanet inda mace za ta sa yadda take girka abincinta, wasu matan su gani, su gwada, su mai da magana. Ba sai an sauke komai a salula ba, adireshi kawai ake latsawa. Ni na ba su ɗakin bayan shago, na sa musu pano mai zuƙar hasken rana saboda yankewar kuran na lantarki, na sayi ordinatar, wato kwamfuta. Amma kada ki ɗauka na yi laushi. Na gindaya wa Nafisa sharaɗi a gaban uwarta: in kakar bana ta zo babu mai amfani da abin sai dangi masu jin kunyarmu, to ta tattara ta tafi Yamai neman aiki, ban ƙara jin zancen ba. Ta ce ta yarda.

A nawa tunanin, su rufe ƙofa su gina abin ya kammala, sannan in kafa rumfuna, in kira rediyo da magajin gari a buɗe. Ni Illo ba na yin abu a ɓoye. Nafisa ta ce a'a, mai miya tana ɗanɗanawa tun tukunya na kan wuta, ba sai an zuba wa baƙi ba. Su tsarinsu shi ne su fitar da ɗan kaɗan, su ba mata ƙalilan, su zauna su zuba ido, su koma su gyara, mako na zagayowa su sake fitarwa. Da farko abin ya ba ni haushi, kullum rushewa da sake gini kamar magini marar gwaninta.

Na farkon da suka fitar, rubutu ne zalla, rabi da Faransanci, ga awo da giram. Suka miƙa wa Tani. Ta jujjuya salular, ta ce ita hannunta ne sikelinta, kuma ba ta taɓa ganin inda aka auna daddawa kamar zinariya ba. Febi ba ta ji haushi ba, dariya ta yi, suka koma ɗaki. Da suka dawo, an cire giram, an sa ludayi da gwangwanin tumatir da tafin hannu, an kuma sa wurin da mace za ta danna ta yi magana da bakinta. Sai wata matsalar ta fito. Kin san matanmu. Kafin a kai ga albasa an gaida mutanen Gabi da na Safo, an yi ta'aziyya, an yi barka, rezo na salula kuwa ya yanke tun ba a ɗora tukunya ba. Suka sake gyara: kowane mataki da gajeriyar muryarsa da hotonsa, gaisuwa kuma aka ware mata wurinta a sama, don Tani ta rantse ba za ta yi magana da mutane babu sallama ba.

Wanda ya kusa jawo mana abin kunya shi ne taurari. Sun ga ana yi a wasu wurare, sai suka sa mata su riƙa ba girkin juna taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Wata yarinya a Safo, da zuciya ɗaya, ta ba miyar gwaggon mijinta biyu. Yaya, sai da maganar ta kai gidan suna, ta kai zaurena. Ni na hau moto, wato babur, na je na ba da haƙuri. Washegari taurari suka bi ruwa. A kan hanyar dawowa daga Safo ne na gane abin da yaran nan ke yi. Kin tuna sa'ad da na bar kwaleji, na fara da kwando ɗaya na banda a bayan keke? Ba wanda ya koya mini cewa mutanen Ɗan Issa sun fi son kifi ya bushe ƙayau saboda tafiya, na Maraɗi kuwa sun fi son mai ɗan taushi. Kifin da aka dawo mini da shi ne ya koya mini. Ashe sana'ata ce ɗiyata ta gada, ita dai da na'ura take yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma duk da haka abin bai tashi ba. Masu saurare sun yi yawa, masu sa nasu girkin kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wata ta ce me zai sa ta ba duniya sirrin tukunyarta a banza. Wata ta sa nata, amma ta ɓoye abu ɗaya, duk wadda ta gwada sai miya ta fito salam. Gero ya fara fid da kai, na ga Nafisa ta rage cin abinci, ta daina yi mini gardama, wanda a wurinta alamar ciwo ce. Ni ma, in gaya miki gaskiya, ba na son tafiyarta Yamai. Amma magana ta riga ta fita daga bakina, kuma ba a san ni da lashe amai ba.

Sai na ce su bar ɗakin nan, su zo tsakar gida su zauna inda ake girkin. Suna zaune aka kawo wa Tani ɗanwake daga gidan maƙwabciyarmu Aminatu. Da aka cinye, Tani ta wanke kwanon, ta cika shi da ƙuli-ƙuli kafin ta mayar. Febi ta tambaye ta ko Aminatu ce ta roƙa. Tani ta dube ta kamar ta yi saɓo, ta ce wace marar tarbiyya ce ke mai da kwanon maƙwabta wayam. Yaran suka dubi juna, suka tashi ko sallama babu. Tani tana ta yaɗawa a gari cewa dabararta ce. Na bar ta, amma ke kin san wanda ya ce su fito tsakar gida.

Ga yadda suka yi. Duk wadda ta ɗauki girkin wata, sai hoton kwano wayam ya bayyana a shafinta, da sunan mai kwanon. Ba zai gushe ba sai ta zuba wani abu ta mayar: ko nata girkin, ko hoton abin da ta dafa da bayanin abin da ta ƙara ko ta rage. Nan ma sai da suka yi tuntuɓe. Da farko sun kulle, wai ba za ki ga wani girki ba sai kin mai da kwano. Mata suka yi fushi, suka ce ba a yi musu dole. Mako na gaba aka cire kullen, aka bar kwanon kawai yana kallon mutum. Yaya, kunya ta yi abin da makulli ya kasa. Har wadda ta ɓoye abu ɗaya ta dawo ta gyara nata, don kwanuka sun yi ta dawo mata da tambayar me ya rage. Yanzu akwai mata daga Tasawa, daga Katsina, har daga Agadas, waɗanda ba su san ni ba balle su ji kunyata. Wata mai gidan abinci a Maraɗi ta zo da ƙafarta tana son a sa tallarta. Jiya na kira Nafisa a gaban uwarta na ce sharaɗi ya cika, zancen Yamai ya mutu. Ta ce ai da sauran gyara. Na ce na sani, ni ma har yau ina gyaran bandata.

To, mu dawo kan miyar yakuwa. Shafin yana nuna wa kowace mace inda kwanukanta suke. Nafisa ta buɗe mini na Tani, sai ga shi ɓaro-ɓaro: Sadiya Hamza, Abijan. Miyar da kika sha har kika tuna Inna, ta Tani ce, daga muryarta Sadiya ta koya, a cikin wasan salular nan da kika yi mini faɗa a kansa. Kada ki tsawata wa yarinyar, ta yi zumunci ne. Amma kwanonmu yana gidanki tun ranar, kuma wayam yake.

Ni na san abin da nake so a zuba a ciki. Dambun geron Inna, mai zogale da garin kifi. Tani ta gwada ya fi a ƙirga, yana yin daɗi, amma ba shi ba ne, akwai abin da ya ɓace. Ni lokacin ina bakin tabki, ci kawai na sani. Ke ce kika tsaya kusa da ita a murhu, kuma duk duniya yau babu wanda ya rage da wannan sanin sai ke. Mu duka mun manyanta, Yaya. Ki sa Sadiya ta danna miki wurin magana, ki faɗa yadda Inna take yi, daki-daki, kada ki ɓoye ko gishiri. In kina so ki fara da yi mini faɗa, akwai wurin gaisuwa a sama, ya ishe ki.

Ki gaida Alhaji Hamza da kyau, ki ce zogalen da ya roƙa yana shanya. Ki gaida Sadiya, Allah Ya yi mata albarka, da Sadiƙ da iyalinsa. Tani tana gaishe ki, Al'amin ma haka. Nafisa ta ce in gaya wa Gwaggonta ba ta yi fushi ba. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya bar zumunci.

Na riga na ware geron sabon girbi da kifin da za a daka. Muryarki kawai muke jira.

Ƙanenki,
Alhaji Illo Mai Kifi