Idon Sawun Auta

Ni mahaifinku, mai ɗori, nake rubuta wannan da hannuna, kuma hankalina garau yake. Jikin ne dai ya gaji. Yatsun da suka shekara arba'in suna lalubar ƙashi, yau biro ma da ƙyar suke riƙewa, don haka ba zan ja zance ba.

1. Gado a raba shi yadda addini ya tsara. Roƙona kawai, ɗakin ɗori da bencin masu jiran ɗori da kwandon tsummokaran ɗauri a bar wa Babba, tunda shi ya gaji wahalar.

2. Babba, ƙasusuwa ashirin da shida ne a ƙafa ɗaya, kuma na mutane biyu ba sa zama iri ɗaya. Kada ka taɓa ƙafa mai ciwo sai ka fara lalubar lafiyayyar, daga agara zuwa dunduniya har yatsu, ka ji yadda Allah ya jera ta mai ita. Wanda ya kasa taku huɗu, tura shi asibiti a ɗauki hoto. Ba abin kunya ba ne. Ni na ɗauke shi abin kunya, ga inda ya kai mu.

3. Wannan ne dalilin takardar. Auta tana da shekara tara ta faɗo daga keken Babba, kuka tashi da cewa shi ya jawo mata ɗingishi. Ba shi ba ne. Akwai wani ɗan ƙashi a idon sawu, tsakanin ƙwauri da dunduniya, wanda jini ba ya isarsa sosai. Shi ne ya tsage. Ranar ban taɓa lafiyayyar ƙafar ba, na ce ai ƙafar 'yata ce, na san ta. Na ce targaɗe ne, na ja, na murza, bayan mako guda na tilasta mata takawa tana kuka, ina ce mata raguwa.

Sai bayan wata biyar muka je hoto. Likita ya ja ni gefe ya shaida mini ƙashin ya mutu, kuma da an kawo ta da wuri an hana ta takawa, da wataƙila ta warke. Na dawo gida na ce faɗuwar ce. Na ji tsoron a ce mai ɗori ya nakasa 'yarsa, benci ya bushe. Mahaifiyarku ta rasu ba ta sani ba. Shekara ashirin da uku ina ɗauke da wannan, wallahi na gaji.

4. Auta, rabonki da gidan yayanki tun bikinki. Fushin nawa ne, ki dawo mini da shi. In kin yafe, na gode. In kin kasa, ba zan ga laifinki ba, amma ki je ki gaishe shi. Babba, ka sha zagi da duka a kan laifina, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Ka yafe mini.

5. Tela, kai da ke tsakiya, ka sha kai saƙo tsakanin mutum biyu da titi ɗaya ya raba. Ka tara su a ɗaki ɗaya ka karanta musu wannan, daga nan ka huta.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse a bayana. In hanya ta haɗa ku ku uku, ku rage sauri, Auta ba ta son ta ce a jira ta.