Rabin Allo

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikokina. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan da ta ƙi jin magani.

Na san dariya za ki yi. Ni da sai kin zo kike buɗe mini saƙo a waya, wai ni aka kafa wa kyamara a aji. Makaranta ta fara haska darasi kai tsaye saboda ɗaliban da ba sa iya zuwa. A ajina na lissafi mutum ɗaya ce, yarinyar da nake ce wa Sarkin Tambaya. Mota ce ta karya mata ƙugu, likita ya ce sai ta yi wata huɗu a kwance. Mai kula da kwamfutoci ya ɗora abin a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ya ce an rufe muryar na gida saboda hayaniya, in yi aikina yadda na saba, in manta da shi. To, na manta da shi.

Saura mako shida gwajin tantancewa. Wanda ya faɗi, ba za a yi masa rajistar jarrabawar fita bana ba. Ita kam ba na jin ta, kanta na ja.

Ki shafa mini kan yaran.

Naki,
Babanki

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ki yi haƙuri da shiruna. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Sarkin Tambaya ta faɗi gwajin da aka kai mata har gida. Da hannuna na duba takardarta, na sake dubawa har sau uku ina neman maki huɗun da suka rage mata ta ci, babu.

Shekaranjiya mahaifiyarta ta zo ofishin malamai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Littafin yarinyar kawai ta ajiye mini. Kowane shafi an raba shi biyu da layi, hagu cike da rubutu tsaf, dama fari fat.

Kin san halina tun kina zama a bayan ajina kina cin alli. Shekara talatin ina raba allo biyu, tambaya a hagu, yadda ake warware ta a dama. Ashe gefen hagu kaɗai kyamarar take ɗauka. Mako shida yarinyar nan tana kwance tana kwafar tambayoyi, tana jin muryata ina cewa a kawo wannan nan, a kai wancan can, ba ta ganin nan ɗin balle can.

Na ce me ya hana ta magana. Sai mai kwamfutoci ya nuna mini wani ɗan akwati a gefen na'urar inda na gida ke rubuto saƙo. Wallahi ban san da shi ba. Shi ya ɗauka na sani, ni ban san akwai abin tambaya ba. Saƙonta ashirin da bakwai. Na farkon duk roƙo ne a ɗan juya kyamara. Na ƙarshe ba ta ma ambaci allo ba, tambaya take ko ta yi mini wani laifi ne, in yafe mata.

Na je wurin shugabar makaranta, na ce laifina ne, a hukunta ni a sake mata gwaji. Ta tausaya, amma sunaye sun riga sun tafi, an rufe. Na rubuta takarda zuwa sama, har yau shiru. Sai baɗi ke nan, ƙawayenta su fita su bar ta.

An juya kyamarar yanzu. Minti ɗaya aikin ya ɗauka.

Littafin yana gabana, ina cike mata gefen daman da jan biro, na kai shafi na sha tara. Ban san amfanin da zai yi mata ba, na dai kasa ajiyewa.

Uwata, don Allah ki rubuto mini dalla-dalla yadda ake ba da amsa a akwatin nan. Tambayarta tana nan tana jirana, ko da yake ban san me zan ce mata ba.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Babanki