Miyar da Na Kira Lami

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki da maigidanki da yara cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan da sauƙi, yara duk suna makaranta. Bayan haka, ina sanar da ke a hukumance, ki kuma sanar da dangi, cewa ƙanenki, wanda ya yi furfura bai san inda ake ajiye ludayi a gidansa ba, ya dafa miya.

Kin san tun da aka sallamo Maman yara daga asibiti likita ya raba ta da nama da madara da duk wani kitse. To, ita kuma sai ta raba kanta da abinci gaba ɗaya. Zoben hannunta yanzu zamewa yake yi. Likitan ya ce in muka koma ya tarar ba ta ƙara nauyi ba, gado zai sake ba ta. Wannan magana ce ke hana ni sukuni, Yaya, ko a wurin aiki sai in kama kaina ina kallon shafi ɗaya ban karanta komai ba.

Shi ya sa na tuna miyar busasshen koren waken nan, rababbe gida biyu, da kika yi mini bayani a waya, wadda na ce miki miyar da ba nama ba ƙashi sunanta lami. Kin gargaɗe ni kada tsami ya shiga tukunya sai waken ya narke. Ni kuwa, da yake na karanta littattafai, na ga babu dalilin da zai sa lemon tsami ya jira kowa. Na matse shi tun farko, har da tumatir. Wake ya yi ta tafasa, kumfa na zuba a kan murhu, ni ina gumi, shi yana nan daram kamar tsakuwa.

Ƙarar cokali ce ta fito da Maman yara. Tun dawowarta ba ta taka ɗakin girki ba, sai ga ta tana dafa bango. Ta leƙa tukunyar, ta tambaya ko gini zan yi. Ta zauna a kujera ta sa na sake sabo: na soya albasa da tafarnuwa a ɗan man gyaɗa, na zuba karas da wankakken wake, na kwashe kumfa, na rage wuta. Duk lokacin da na miƙa hannu wajen lemon sai ta yi gyaran murya. Da ya narke ya yi kauri, ta ce in ba ta ta ji gishiri. Ta ji, ta sake ji, ta yi ta jin gishirin nan har ta ga gindin kwano. Ni dai na juya baya ina wanke abin da na riga na wanke.

Ban ce hankalina ya kwanta ba, domin ma'aunin likita bai san dariya ba, kuma kwano ɗaya ba ya mayar da zobe. Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe mini da maigidanki, da Gwaggo, da takwarana, da 'yar autarki. Maman yara na gaishe ki, ta ce ki daina ba ni umarni a waya ba mai sa ido.

Batun lami kuwa, na janye. Ke ce da gaskiya, har a kan lemon.

Naki,
Ƙanenki