Mama Nas Ta Ce A Tambayi Yara

Cikin alhini mai nauyi, tare da sunkuyar da kai ga nufin Ubangiji mai rai da mutuwa, Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Kai Bishara Ƙetare, da dattawan Majalisar Amintattu, da shugabannin zumuntar mata, da ɗaukacin ma'aikatanmu na gida da na waje, sun sami labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, ma'aikaciyar jinya, ungozoma, wadda babba da yaro suka sani da Mama Nas, uwargidan Rabaran mai kula da tasharmu ta ƙetare. Ta koma ga Mahaliccinta da hantsin ranar Talata bayan gajeriyar jinya, a ɗakin da ke jikin ƙaramin asibitin da ta yi shekara ashirin da huɗu tana hidima a cikinsa, maigidanta da 'ya'yanta uku suna gefenta.

Majalisa ta umarce ni in bayyana wa jama'a inda za a yi jana'iza, kuma ba zan iya ba sai na koma baya kaɗan. Ƙa'idar wannan ƙungiya ce duk wanda za a tura ƙetare ya cike takarda, tambayar ƙarshe a cikinta kuwa ita ce, in rai ya yi halinsa a can, a ina za a binne shi. Kusan kowa "gida" yake rubutawa ya wuce. Mama Nas ta rubuta, "A tambayi yara." A lokacin ɗa ɗaya gare ta, yana goye ko yaye shi ba a yi ba. Ni ne ƙaramin magatakardan da ya karɓi takardar, ina ji da sabon hatimi da sabuwar kujera, na mayar mata har sau biyu. A karo na biyu ta dube ni tana dariya ta ce, "Malam, kai dai sa a fayil, ai yaron zai girma." Na sa, ina ƙunƙuni.

Rabaran da uwargidansa sun fara aiki ne a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, a ƙarshen wani layi da mota ba ta shiga sai da dabara. Falon nan shi ne majami'a ranar Lahadi, shi ne ajin yaƙi da jahilci ranar Litinin, ranar Laraba kuma a rataya labule a tsakiya ya zama ɗakin awon masu juna biyu. Bencuna shida ne suka yi duk wannan hidima. Yaren mutanen wurin ya ba iyayen wahala, yaran kuwa a bakin famfo da filin ƙwallo suka tsince shi kamar wasa, har ta kai babban ɗansu yana shekara bakwai ana ɗora shi kan benci ya fassara wa'azin mahaifinsa, abin da ya sa har gobe ake kiransa Tafinta. Sai daga baya aka gano cewa in yunwa ta kama shi yakan taƙaita, shi ya sa ikilisiyar ta daɗe tana yabon Rabaran da cewa ba ya jan zance, mu kuwa da muka san shi a nan muna ta mamaki.

Duk da haka Mama Nas ba ta yarda yaranta su saki harshen iyayensu ba. Dokarta ce a kan teburin cin abinci ba a yin wani yare sai na gida, wanda bakinsa ya suɓuce shi ke wanke kwanuka. Majalisa na da tabbacin cewa Rabaran ya fi kowa wanki, domin yaren da yake ƙin zuwa masa a kan mumbari sai a bakin tebur yake zubo masa. Rahotannin da take aiko mana duk bayan wata uku ma haka suke: mu nemi bayanin aiki, ta ba mu a layi huɗu, sannan ta cika shafi biyu da labarin yaranta, haƙoran Auta da rigimar 'Yar Baba da malamin lissafi. Mun sha yi mata ƙorafi, amma gaskiya wasiƙarta ce ake rige-rigen buɗewa a ofis.

A shekararsu ta uku a can Ubangiji ya ba su 'ya mace, ya kuma karɓe ta tana wata huɗu sakamakon zazzaɓin kwana biyu. Matar da ta karɓi haihuwar ɗaruruwan jarirai ta riƙe tata har ta cika. Aka binne yarinyar a bayan filin da daga baya aka gina majami'a, daf da katanga. Ƙungiya ta rubuta musu cewa in suna so su dawo, ba wanda zai ga laifinsu. Amsar Mama Nas layi ɗaya ce: "Ai yanzu ne muka zama 'yan gari." Tun daga nan, kowace safiyar Asabar takan tasa yaran gaba su je su cire ciyawa a wurin, har da 'Yar Baba da Auta waɗanda aka haifa daga baya. In aka tambaye ta yawan 'ya'yanta, huɗu take cewa.

Da labarin rasuwarta ya iso, yayanta, dattijon da yaran ke kira Kawu, ya zo ofishinmu da kansa. Ya ce aronta suka ba mu, a shekara ashirin da huɗu sau shida kacal suka sa ta a ido, don haka a dawo musu da ita ta kwanta kusa da iyayenta. Babu wanda ya iya musa masa, domin gaskiya ya faɗa, mun kuma ji tsoron kada wannan magana ta raba dangi da 'ya'yan marigayiya. A nan ne na tuna da fayil. Muka karanta wa Rabaran ta waya, ya ce shi ba yaro ba ne, a bi abin da ta rubuta. Yaran suka nemi a ba su zuwa washegari.

Da safe Tafinta ya kira, Kawu na zaune a gabanmu, ya yi magana da harshen da aka koya masa a bakin tebur. Ya ce, "Kawu, ka yi mana haƙuri. Mama ta ce a tambayi yara, mu kuwa mu huɗu ne. Mu uku muna iya hawa jirgi mu je duk inda aka kai ta. Ɗayar ba ta iya biyo mu, shekara ashirin da ɗaya tana kwance ita kaɗai a jikin katanga. Mun ce a kai mata Mama." Kawu ya cire hularsa ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya ce, "Ɗana, na ji. Ku ajiye mini wuri a benci, ina zuwa."

Saboda haka Majalisar Amintattu na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa za a yi sujadar ban kwana ranar Asabar da safe a majami'ar da ta yi wa hidima, a kuma binne ta a gefen 'yarta. Mai Girma Shugaba da Kawu ne za su jagoranci tawagarmu.

A madadin ƙungiya baki ɗaya, ina miƙa ta'aziyya ga Rabaran, da Tafinta, da 'Yar Baba, da Auta, da Kawu da dukan dangi, da ikilisiyar da ta rasa uwa. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba ku ƙarfin zuciya da jimiri, ya riƙe zumuncinku, ya kuma sada mu da ita a ranar tashi. Mun yi rashi, ni kaina na yi kuka. Takardar da na mayar mata sau biyu, yau na buga mata hatimi, domin yaron ya girma kamar yadda ta ce.

Sa hannu,
Dattijo Magatakarda, wanda Mama Nas ke kira Malam Fayil,
Kakakin Ƙungiyar Masu Kai Bishara Ƙetare,
a madadin Mai Girma Shugaba da Majalisar Amintattu.