Allurar da Aka Gwada a Jikin Baba

Tehuacán, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Maigidana Nicanor ya girbe masara, ƙanwarmu Chayo kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna lokacin da aka sa shi cikin masu gwajin sabuwar allurar ciwon suga, wadda likita ta ce wani ɗan sinadari ne da hanjin mutum ke yi, suka kwaikwaya? Shekara biyu ina kai shi asibitin birnin Puebla ana ɗibar jininsa. Ya sha amai, ya sha jiri, bai taɓa fashi ba. Kuma ta karɓe shi, har ya koma gona, yana dariya wai shi ne tsohon ɓeran likitoci. Da gwaji ya ƙare suka ba shi hannu, suka ce ya taimaki duniya. Na tambayi likita ina za mu riƙa samu, ta sunkuyar da kai ta ce sai ta shigo kasuwa. Ta shigo, Yaya. Tana nan a kantin magani, amma ba ta irinmu ba ce, kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Tun da ya daina samunta sugan ya sake tashi, yanzu babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi. Ranar Alhamis za su yanke, sun ce wataƙila abin ya kai idon sawu.

Hotonki ya iso, kin yi kyau. Na ga inda kika rubuta sunan allurar da ta rage miki ƙiba, na sake karantawa. Ita ce, allurar Baba. Ban ga laifinki ba, ba ki sani ba. Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya ce wayyo 'yarsa ta rame, wannan marowacin mijin naki ba ya ciyar da ke, maza in haɗa miki garin masara da barkono in aika. Na ce to. Ban gaya masa ba, ke ma kada ki faɗa.

In da hali ki kira shi kafin Alhamis, yana tsoro ko da yake ba zai nuna ba. Ki gaishe da maigidanki Yaya Abundio, da Itzel da ɗan auta Mateo. Gwaggo Petra tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Eulalia