Wace Dada Ce?

Litinin, 8 ga Yuli 2024

Ni da Siddiƙ, abokin aikina, mun gama ɓangaren sunaye na ƙaramin yaren kwamfutar da muke yi wa ma'aikatan lafiya na Tambuwal da Kebbe. Da shi za su rubuta wa manhaja umarni: waya ta tuna wa maras lafiya magani, in bai danna ɗaya ba a kira mai kula da shi.

A yaren, kowane gida abu ne mai zaman kansa da mutanensa. Gida yana cikin unguwa, unguwa cikin gari. In an ambaci suna, a fara dubawa cikin gida, in babu a fita unguwa. Na ciki yana rufe na waje. Macen da ta yi aure tana komawa gidan mijinta, ni na rubuta hakan. Tsaf.

Laraba, 10 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ba wuta.

Asabar, 13 ga Yuli

An fara gwaji a Kebbe, garinmu. An sa Inna, mahaifiyata, a ciki, saboda hawan jininta. Ban duba wa ta ba da a matsayin mai kula ba. Gazali ne mana, ƙanena, shi ke gidan. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika tambayata ba. Haka muka saba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Gazali ya kira. Jiri ya kayar da Inna a bakin murhu, ta daina shan magani tun farkon mako. An duba ta, da sauƙi. Na tambaye shi don me bai je ba da manhaja ta kira shi. Ya ce wallahi ba abin da ya kira shi.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na gano inda kiran ya tafi. Da ma'aikaciyar lafiya ta tambayi Inna mai kula, cewa ta yi Dada. Manhaja ta duba gidanmu, ba Dada. Ta fita unguwa, ta samu Dada mai ƙuli-ƙuli, tsohuwar da ko kiran salla ba ta ji. Ita aka yi ta kira.

Dada ni ce. Sunan kakata Fatsuma aka sa mini, shi ya sa a gida ba mai cewa Fatsuma, sai Dada. Siddiƙ bai ma san da laƙabin ba. Yaren bai yi kuskure ba, ya nemo na kusa kamar yadda aka ce masa. Ni ce ba na cikin gidan, tun da aure ya kawo ni Tambuwal.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Gyara: laƙabin gida ya zauna a gidan da aka raɗa shi, yana nuna mai shi ko ina aure ya kai ta. Siddiƙ ya ce hakan zai sa mutum ɗaya ya bayyana a gida biyu, yaren zai yi datti. Na ce to ya yi. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Asabar, 27 ga Yuli

Kullum da safe wayata sai ta yi ƙara: Inna ba ta amsa ba. In kira ta, ta ce ta sha, sai ta shiga ba ni labarin gero da akuyar da ta haihu. Jiya har shayina ya huce.

Lahadi, 28 ga Yuli

Na ce wa Gazali ya nuna mata yadda ake danna ɗaya. Ya yi dariya, ya ce ta iya sarai. A gabansa take haɗiye maganin, ta ajiye wayar a cinya ta zauna. Da ya yi mata magana cewa ta yi, "Mi ya dame ka? In ban taɓa ba, waccan ta Tambuwal takan kira."

Talata, 30 ga Yuli

Siddiƙ ya ga kiran yana maimaituwa kullum daga gida ɗaya, ya ce in bincika, wataƙila wani kuskuren ne ya rage. Na ce na duba, ban ga komai ba.

Na matsar da taronmu na safe zuwa hantsi.