Mataji Mai Manyan Haƙora

Daren Laraba

Yau na taɓa kare da hannuna. Ba zan faɗa wa Inna a waya ba.

Tun da hannun Madam Helen, tsohuwar da nake jinya a unguwar Irving Park, nan ƙasar Turawa, ya fara rawa, ba wanda ya taje karenta mai dogon gashi ruwan zuma. Bayan kunnuwansa duk ya cukurkuɗe. Ɗanta ya ce in ba mai kula da shi, bayar da shi zai yi. Ta dube ni ta ce, "Rabi, shi kaɗai ke saurarona a gidan nan."

Na tafi wani shago a titin Wendover. Buroshi iri-iri, har da mai reza. Wannan kam na ajiye, kada in yanki dabba. Na ɗauki matajin ƙarfe mai manyan haƙora, irin wanda nake taje wa 'yata Nana kai da shi a Maraɗi.

Da na dawo na sa safar hannu, amma ta hana ni jin ƙullin gashin, sai na cire ta. Na riƙe gindin gashin, na fara daga baki a hankali, yadda nake yi wa Nana don kada ta yi kuka. Can sai karen ya ɗora kansa a cinyata.

Na wanke hannu, na canja kaya kafin magariba. Shekara uku ke nan rabona da a ɗora mini kai a cinya.

Ban san wa ke taje wa Nana kai yanzu ba. Allah ya sa tana riƙe mata gindin gashin.